Rijiyar Taubasai

Mijina da yayana taubasai ne. Mahaifin mijina kawuna ne, wan innata uwa ɗaya uba ɗaya, don haka auren gida aka yi mini. Kun dai san yadda abin yake a wurinmu: ɗan namiji da ɗan mace, duk abin da ɗaya ya yi wa ɗaya wasa ne. Mijina ba ya kiran yayana da komai sai "bawana". Yayana kuma ya ce masa ɓarawo, ya fizge masa hula a tsakiyar kasuwa ya wurga kan rumfa. Ranar ɗaurin aurenmu ma sai da ya kayar da ango a gaban jama'a, ya hau ruwan cikinsa har leɓensa ya fashe, dattawa suna dariya suna share hawaye. Ba a raba taubasai. Wanda ya shiga tsakaninsu shi ake mayarwa abin dariya, a ce bai san zumunci ba.

Ni wasan nan bai taɓa burge ni ba, kuma ban ɓoye ba. Na san fuskar yayana tun ina goye, na san ta mijina a kan tabarma ɗaya, dukansu biyu zuciya gare su kamar tawa. Abin da kullum yake cina shi ne, duk ranar da ɗayansu ya tashi da gaske, babu mahalukin da zai gane, balle ya riƙe shi. In na faɗa sai a ce ni ce mai baƙin rai.

Ƙauyenmu a bakin fadama yake, tsakanin Haɗeja da Auyo. Danga ɗaya ce ta raba gidanmu da gidan yayana, inda Inna take zaune tare da shi da matarsa da yaransa. Kowane gida da rijiyarsa a bayan ɗakuna, daga ita ake sha, daga ita kuma ake ba lambu ruwa. Rijiyoyinmu ba zurfi, ba su wuce tsayin mutum biyu ba. A bakin kowace akwai jigo, wato doguwar sanda a kan gwafa, guga a kanta, ƙaton dunƙulen laka a gindinta don ya taya mutum ɗaga ruwa. Mai jigo ya zuba a magudana, ruwan ya bi ya shiga fangali-fangali har ƙarshen lambu.

A zamanin Turawa ne, bayan jirgin ƙasa ya fara bi ta Malam Madori. Daminar shekarar kogi ya haukace. Ya shigo mana da rana tsaka da ƙugi, ya kwashe rumbuna, ya kwantar da gero da dawa, shinkafa ta nutse ko kanta ba a gani. Na ga saniyar maƙwabcinmu tana juyawa a cikin ruwa ƙafafu a sama. Da ruwan ya janye ba abin da ya bar mana sai laka da sauro, ga masu karɓar haraji ba ruwansu da kogi. Kowa ya koma ga lambu. Mijina ya shuka alkama, yayana ma haka, kuma a kanta kaɗai gidajen biyu suka dogara har wata damina.

Da farko komai lafiya. Sai da sanyi ya fara ja baya, alkama ta ɗauki ciki, lokacin da ta fi son ruwa, sannan rijiyoyi suka fara rowa. In mijina ya ja guga kaɗan sai ya fara kwaso taɓo, dole ya zauna ya jira ta taru. Ɗan abin da ya zuba kuma rarrafe yake yi a magudana, ƙasa tana shanye shi, kafin ya kai fangalin ƙarshe ya mutu. Na sha ganinsa tsaye yana zagin ruwa kamar mutum. Wata rana ma ya fasa guga a jikin gwafa don haushi, na ce masa ai sai ka debo da hularka.

Cikin haka ya kai busasshen kifi Malam Madori a kan jaki, ya dawo idanunsa na ƙyalli. Ya ce ya ga wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe a kan dogayen ƙafafu, wadda jirgi yake shan ruwa daga gare ta. Ya ce da aka buɗe bakinta ruwan ya doki wani lebura ya yar da shi ƙasa. Ashe in ruwa ya sauko daga sama ƙarfi gare shi. Ya kuma zauna da masu haƙa wa Bature rijiya, suka gaya masa baƙin yumɓun da muke tsayawa a kansa murfi ne kawai, a ƙarƙashinsa akwai yashi cike da ruwa, in an huda shi da kansa yake tasowa. Ya zo da dogon ƙarfe da ya sa maƙeri ya fiƙe masa baki kamar dagi.

Ya fara da aikin sama, wato ɗaga ruwan ya riƙa saukowa da ƙarfi. Ya tara laka a bakin rijiya har ƙirjinsa, ya ɗora ɓarin wani tsohon kwalekwale a kai ya zama kwami, ya sake wa jigon gwafa mai tsawo. Da ya zuba ruwa a kwamin, sai ya gangaro da gudu ya ratsa magudana ya wuce inda bai taɓa kaiwa ba. Amma gudu ba ya ƙara yawa, rijiyar tana nan da rowarta. Saura hudawa.

Ranar da zai huda, yayana ne ya riƙe masa igiya. Ya tsallako danga yana dariya, ya ce ya zo ganin yadda ɓarawo zai haƙa kabarinsa da hannunsa, don ya gaji jigon. Maƙwabta suka taru. Mijina ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, muna jin ƙarar ƙarfe a cikin yumɓu, dum, dum, tun hantsi har rana ta take. Ni ina durƙushe a baki ina karɓar taɓon da yake miƙowa. Can sai na ji wani irin sauti daga ƙasa, ƙarfen ya zurma, kafin ya zare shi ruwa da yashi suka yi tsiri suka doke shi a fuska. Gindin ƙarfen ya tashi ya tsaga masa gira. Ya faɗi da baya, ruwan ya rufe shi, ya taso yana kakari jini ya wanke masa rabin fuska, ruwa kuwa ya kai masa ciki, ya kai ƙirji.

Na ce, "Yaya, ja shi! Ja shi mana!"

Ya ja shi har ya kusa baki, sai ya saki igiyar. Mijina ya koma tsundum. Mutane suka fashe da dariya. Ya sake jawo shi ya sake saki, yana cewa sai an wanke ɓarawo sosai kafin a shanya. Na kai wa yayana duka a gadon baya da dunƙulen taɓo, sannan ya fito da shi. Mijina yana kwance yana aman ruwa da yashi, da ya samu numfashi abin da ya fara cewa shi ne, "Bawana, ka ga aikin iyayen gijinka?" Aka ƙara tuntsirewa. Ni kaɗai ce ban yi dariya ba.

Kafin la'asar ruwa ya tsaya a inda mace za ta sunkuya ta ɗiba da ƙwarya. Fari tas, mai sanyi, ko an ɗiba ba ya raguwa. Mijina ya ɗaure girarsa da tsumma ya hau jigo, ruwa yana dukan kwami yana fantsama, yana gudu har fangalin ƙarshe ya cika ya tumbatsa. Ba zan yi ƙarya ba, na yi murna, har guɗa na yi. Alkamarmu ta miƙe ta yi shar a cikin 'yan kwanaki.

A cikin kwanakin nan ne rijiyar yayana ta ƙafe. Ko tamu ce ta janye mata ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, ko dama lokacinta ne ya yi, Allah ne masani. Abin da kowa ya gani dai shi ne tamu ta cika tasu ta koma taɓo. Matar yayana ta fara zagayowa da tulu tana ɗibar na sha a wurinmu, kanta a sunkuye. Yayana ya ari ƙarfen ya sauka tasa don ya huda. Ita gefenta rairayi ne, yana cikin bugu bango ya rufto masa har ƙugu, da kyar maza suka zaƙulo shi, ƙafarsa ta ɗaye tun daga gwiwa har idon sawu. Rijiyar ta zama rami kawai. Alkamarsa kuwa ta fara ja daga baki-baki, ganyen yana nannaɗewa.

Nan ne wasan taubasai ya ci mu. Mutanen nan biyu tun suna yara ba su taɓa yin magana ta hankali da juna ba, ba su ma san yadda ake yinta ba. Yayana ya leƙo ta saman danga ya ce, "Kai ɓarawo, ka sace min ruwa. Ka dawo min da shi." Kalmomin irin na kullum ne, amma ni na ji muryar, na ga jijiyar wuyansa. Mijina yana kan jigo ko waiwayowa bai yi ba, ya ce, "Yaushe bawa ya mallaki ruwa? Zo ka durƙusa ka roƙi ubangijinka, in sammaka guga ɗaya." Masu wucewa suka yi dariya. Yayana bai yi ba, ya juya yana ɗingishi.

Da muka zauna cin tuwo na ce wa mijina, "Malam, mutumin nan fa ba wasa yake yi ba. Ka yanke dangar nan ka ja masa magudana, ruwan ai ya ishe ku."

Ya ce ai dama zai ja masa, wa zai bar gwaggonsa da yunwa? Amma sai ya ɗan gasa shi tukuna, ya rama wankan da ya yi masa a rijiya. Na ce alkama ba ta san gashi ba, mutuwa take yi. Ya ce in bar shiga tsakanin maza. Na tafi wurin Kawu, na durƙusa na gaya masa. Ya yi dariya har yana tari, ya ce shi da wani taubashinsa har kibiya sun taɓa ɗana wa juna, ga shi sun tsufa tare. Na je wurin bulama, wato mai garinmu, ya ce, "'Yata, in na shiga maganar taubasai ai sai yara su yi min waƙa." Na koma wurin yayana na ce ya zo ya yi wa mijina magana a tsanake, ya dube ni da jajayen idanu ya ce sau nawa zai faɗa? Ya faɗa a gaban mutane, an yi masa dariya, 'ya'yansa suna ji. Na fito daga gidan ina zagin su duka, har da Kawu, a cikin raina.

Ranar kasuwar Auyo mijina ya tafi sayo igiya. Da hantsi ina tankaɗe sai na ji faɗuwar abu mai nauyi a cikin ruwa. Na zagaya baya. Yayana ne, ya keta danga ya shigo da jaki ɗauke da mangala cike da busasshen yumɓu, ya riga ya jefa wani fasasshen turmi a rijiyar, yana ɗaga dunƙulen yumɓu yana maka su a ciki. So yake ya toshe hudar, wai ruwan ya koma inda ya fito.

Na ce, "Yaya, ka haukace ne? In ka kashe wannan, dukanmu me za mu sha?"

Ya ƙara maka wani dunƙulen a ciki. Na riƙe masa hannu, ya fizge. Na sake riƙewa, sai ya juyo ya kwaɗa mini mari. Tun da Inna ta haife ni bai taɓa ɗaga mini hannu ba, shi ne mai goya ni ya tsallaka da ni kududdufi. Na faɗi a kan magudana, kunnena yana ƙara, bakina ya cika da gishirin jini. Da na tashi ban san lokacin da na rarumi taɓarya ba. Na sauke masa ita a kafaɗa, na ƙara masa a ƙafar nan mai ciwo. Ya yi ƙara ya durƙusa, sannan ya fizge taɓaryar ya yi jifa da ita bayan danga. Bai sake taɓa ni ba. Ya ɗauki gatari ya hau kwamin da sara, ya farfasa shi, ya rushe tudun lakar da ƙafa, ya bi magudana yana tattakewa. Matan maƙwabta suna leƙe ta dangarsu. Na ji wata tana cewa, "Yau kuma bawa ya yi wa ubangijinsa ɓarna, bari ya dawo mu sha kallo."

Kallon kuwa suka zo sha. Kafin mijina ya iso bayan azahar, labari ya riga shi, yara suka tarye shi a hanya suna tsalle. Bayan gidanmu ya cika, maza a gaba, mata a baya, har da masu kawo tabarma. Yayana yana zaune a kan rusasshen tudun, gatari a gefensa, bai gudu ba. Mijina ya shigo yana murmushi, wallahi yana murmushi, ya dubi kwamin ya ce, "Bawana, wannan aikin fa sai ka biya da kunnenka ɗaya." Sai idonsa ya faɗa kan fuskata, ya ga kumburin da jinin da ya bushe a haɓata. Na ga murmushin ya tafi.

Ya ce, "Wa ya taɓa ki?"

Ya yi kukan kura ya faɗa kan yayana, suka zube cikin taɓo. Jama'a suka ɗauki sowa. Mijina ya sa masa goshi a baki, na ji ƙarar haƙori, yayana ya tofar da jini da guntun fari a ciki. Ya kama girar mijina da ba ta gama warkewa ba ya yage ta da yatsa. Suka yi ta birgima a kan alkamar da ake faɗan dominta, suna murƙushe ta, ba mai zagin wani, ba ka jin komai sai nishi da ƙarar naushi. Wannan shirun kaɗai ya isa ya gaya wa mai hankali abin da ake ciki, don taubasai ba sa kokawa baki a rufe. Amma wani tsoho yana ta buga sanda a ƙasa yana cewa ɗan mace ya yi ƙoƙari, wani yana cewa a'a, ɗan namiji ne a sama.

Na yi ihu na ce, "Ku raba su! Don Allah ku raba su, kashe juna za su yi!" Na nufe su, mata uku suka riƙe ni, ɗaya ta rungume ni ta baya tana dariya a kunnena, wai ina kishin mijina ne ko na wana? Na cije ta a hannu, ta sake ni, wata ta cafke zanina. Na hango Kawu a tsaye da carbi, na ce, "Kawu, ɗanka! Kawu, ɗan ƙanwarka!" Ya ɗaga mini hannu wai in kwantar da hankalina.

Mijina ya ja yayana har bakin rijiya, ya danna kansa cikin ruwan nan da ya taso, ya hau bayansa ya danne. Ƙafafun yayana suna dukan ƙasa. Mutane suna cewa yau an rama wanka. Ya ɗago shi ya sake dannawa, wannan karon bai ɗago ba. Na ga ƙafafun sun fara sanyi, na ga hannun yayana yana lalube a cikin taɓo, har ya faɗa kan dogon ƙarfen nan da aka huda rijiyar da shi, wanda yake yashe a wurin tun da ya dawo da shi. Ban san inda ya samu ƙarfi ba. Ya wuntsila, mijina ya zame, yayana ya miƙe a kan gwiwa ruwa na zuba daga hancinsa, ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu ya saukar. Kan mijina ya nufa. Mijina ya tare da hannun dama.

Na ji ƙarar kamar an karya itacen wuta a gwiwa. Hannun ya lanƙwashe a inda ba gaɓa, farin ƙashi ya huda fata ya fito, jini ya yi tsartuwa har kan rigar mai tsaye kusa. Yayana ya sake ɗaga ƙarfen. Lokacin na bar wa matar nan zanina a hannu, na faɗa kan mijina na rufe shi da jikina, na ɗaga kai na dubi yayana na ce, "To bismilla, haɗa da ni." Ya tsaya ƙarfe a sama yana huci, sannan ya sake shi ya faɗi. Sai a sannan dariya ta ɗauke. Kuma ko a cikin shirun nan sai da na ji wani ya ce, "Kai, wasan yau ya ɗan yi zafi." Har gobe in na tuna muryar mutumin nan sai na ji kamar in tashi in nemo shi a kabarinsa.

Mai ɗori ya zo ya mayar da ƙashin, maza huɗu suna danne da mijina yana ihu har muryarsa ta dushe. Ya ɗaure da karare, amma ya gaya wa Kawu a gefe cewa hannun ko ya warke ba zai ƙara riƙe igiya ba. Haka kuwa aka yi, ya shanye ya ƙanƙance, da hagu ya ci tuwo har ya bar duniya.

Magana ta kai Haɗeja, don jini irin wannan ba ya ɓoyuwa. Dogarai suka zo suka ɗaure yayana da igiya a ƙugu suka tafi da shi, Inna tana bin su tana faɗuwa. Da mijina ya iya zama a kan jaki aka kira mu gaban alƙali. Kowa ya san in aka tabbatar da ganganci ne, gidan yari yayana zai tafi, ba kuma ranar dawowa kusa. Alƙali ya tambayi bulama, ya ce wasan taubasai ne aka samu tsautsayi. Ya tambayi Kawu, ya ce wasa ne. Duk namijin da aka tayar ya ce wasa ne, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya suke yi don su cece shi ba, har zuciyarsu haka suka gani.

Ina zaune a bayan maza kusa da Inna, ban san sanda na miƙe ba. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ba wasa ba ne. Wannan ya so ya nutsar da wannan, wannan ya so ya fasa kan wannan, waɗannan kuma suna tsaye suna dariya." Inna ta finciko ni ƙasa ta toshe mini baki da tafin hannunta, tana cewa so nake in kashe mata ɗa. Ni ba ɗaurin yayana nake so ba. So nake ko sau ɗaya wani babba ya buɗe baki ya kira abin da sunansa.

Alƙali ya juya ga mijina ya ce shi mai hannu, me ya ce? Yayana yana durƙushe a gefe da igiya a ƙugu, bakinsa a kumbure, wawulo a gaba. Mijina bai dube shi ba, bai dube ni ba. Ya ce, "Wasa ne, Allah shi gafarta Malam. Ni na fara." Aka kwance yayana. Bayan mun dawo Inna ta daɗe ba ta amsa gaisuwata ba.

Kafin nan alkamar yayana ta ƙone ƙurmus, ko iri bai fitar ba. Tamu rabi an murƙushe, rabin da ya saura yana neman ruwa, ga rijiya cike, don turmin da yumɓun ba su toshe komai ba, amma babu mai jan jigo. Na gwada da kaina, dunƙulen lakar ya fi ƙarfina, ya fizge ni har na kusa faɗawa ciki. Mijina yana zaune a inuwa da hannu a rataye yana kallona.

Washegari da sassafe ina shara na ji sallama a ƙofar gida. Muryar yayana ce. Shi da yake tsallako danga ko ya faɗo ta kan rumbu, yau ya zagayo ta zaure ya tsaya yana jiran izini. Mijina ya ce a shigo. Ya shigo da sabon ɓarin kwalekwale a kafaɗa da fartanya a hannu, ya ajiye, ya cire takalmansa, ya durƙusa nesa da tabarma.

Ya ce, "Ina kwana, Malam. Yaya ƙarfin jiki?"

Mijina ya gyara zama ya ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi. Yaya Gwaggo, yaya yara?"

"Suna lafiya. Na zo ne in ja ruwa, in ka yarda."

"Bismilla. Allah ya yi albarka. In an girbe a raba biyu."

"Na gode, Malam."

Ya tashi ya zagaya baya. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina jira ɗayansu ya jefa wa ɗaya ko da kalma ɗaya mai ƙaiƙayi, ko tsaki ne. Ba wanda ya yi. Ni da na shekara da shekaru ina roƙon su yi magana irin ta mutane, ga shi sun yi, sai na ji kamar gawa aka shigo da ita gidan. Can na ji gwafa ta fara kuka, ruwa ya doki kwami. Na shiga ɗaki na tura fuskata cikin tabarmar da ke naɗe a lungu, na yi kuka yadda ba za su ji ba.